Yunwa da Cuta a Masaukin Baƙi: Sharhi a kan 'Yan Gudun Hijirar Maraɗi

Wanda ya san tarihin ƙasar Maraɗi ba zai yi mamaki ba da ya ji cewa a shekarar 2019, sa'ad da ta'adin 'yan bindiga ya tsananta a dazuzzukan Zamfara da gabashin Sakkwato da yammacin Katsina, can mutane suka nufa da 'ya'yansu a goye da ƙunshin kayansu a ka. Domin ita kanta Maraɗi garin masu hijira ce, Katsinawan da jihadi ya fitar daga birninsu a farkon ƙarni na 19 su suka mai da ita mazaunin sarautarsu, kamar yadda Gobirawa suka kafa Tsibiri a gefenta, har ya zama mutumin Sabon Birni in ya ƙetare iyaka ba ya zama baƙon harshe ko baƙon addini, sau da yawa ma ƙofar gidan kawunsa zai je ya yi sallama. Kafin watan Mayu na 2019 ya ƙare, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, wadda mutanen Nijar suka fi sani da HCR, ta ƙiyasta waɗanda suka ƙetaro sun kai 20,000. Zuwa Satumba sun haura 40,000. A watan Afrilu na 2020 kuma wasu 23,000 suka biyo sawu. Galibinsu mata ne da ƙananan yara, kuma ba sansani suka shiga ba, cikin ƙauyukan Gidan Rumji da Madarumfa suka bazu, a zauruka da rumfuna da ɗakunan ajiya na mutanen da su ma hatsinsu ba ya kai su kaka.

Mas'alar da nake so in warware a nan ita ce yadda ake haɗa aikin lafiya da aikin ciyarwa ga irin waɗannan bayin Allah. Na san mai karatu zai iya cewa wannan zance ne na ofisoshi da masu zaman shawara, babu ruwan talaka da shi. Ni kuwa a ganina babu mas'alar da ta fi shafar talaka kamar ta, domin yawancin yaran da ake binnewa a masaukin hijira ba don an rasa mai agaji sam sam suke mutuwa ba, suna faɗawa ne a gurbin da ke tsakanin mai agaji da mai agaji, inda wannan ya ɗauka wancan ya yi, wancan kuma yana zaton ba hurumin aikinsa ba ne.

Asalin abin a jikin yaro yake. Yaron da abinci ya yi wa ƙaranci, garkuwar jikinsa takan raunana, sai gudawar da ɗan'uwansa ƙosasshe zai yi kwana biyu ya warke, shi ta kwantar da shi mako guda. Gudawar kuwa ta hana hanjinsa riƙe ɗan abin da ya ci, zazzaɓi ya ɗauke masa sha'awar nono da kunu, ya ƙara ramewa, ramar ta buɗe ƙofa ga ciwon haƙarƙari ko ƙyanda, har a wayi gari ba a iya cewa ga wadda ta fara, yunwa ce ko cuta. Masana sun auna sun ga cewa yaron da tamowa mai tsanani ta kama, hatsarin mutuwarsa ya ninka na lafiyayye fiye da sau goma. Ƙyanda ita ce mafi sharri a cikin cunkoso, saboda tana cinye sinadarin bitamin A da ke jiki, tana iya makantar da yaro, kuma ko ya tashi takan bar shi ba garkuwa na tsawon watanni. Don haka ne ƙa'idar aiki ta ce da zarar jama'a sun taru a yi wa duk yaro daga wata 6 zuwa shekara 15 rigakafinta, a haɗa masa da bitamin A, tun kafin a gama kafa tantuna. To wanda ya kawo buhunan gero ya bar ruwan sha da ƙazanta, da wanda ya kawo allura ya bar tukunya ba komai, dukansu sun zuba ruwa ne a tulu mai huji.

Alhali kuwa abin da yake ɗaya a jikin yaro, a wurin hukumomi an raba shi kashi kashi, kuma rabon yana da dalilinsa, tun da yake babu hukuma guda da za ta iya ƙwarewa a kan komai. HCR ke da alhakin kariya da rajista da jagorancin aikin baki ɗaya in 'yan gudun hijira ne da suka ƙetare iyakar ƙasa. Hukumar Abinci ta Duniya, bisa yarjejeniyar da ke tsakaninta da HCR, ita ke ɗauko abinci in yawansu ya kai 5,000, kuma bisa al'ada ita ke kula da yaran da ramarsu matsakaiciya ce. UNICEF ke sayo abincin tamowa na waɗanda tasu ta yi tsanani, da alluran rigakafi da kayan ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ke tsaye kan ƙa'idojin magani da sa ido a kan annoba. Sa'an nan ga ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke yin aikin da hannunsu, ga kuma ma'aikatar lafiya ta ƙasa wadda, a shari'ance, ita ce mai gida. Wani abin da ya ƙara tsinka igiyar shi ne, in mutum bai ƙetare iyaka ba, watau ƙauyensa na cikin Nijar aka kora ya koma wani, to shi ba a ƙarƙashin HCR lissafinsa yake ba, yana ƙarƙashin wani nizami dabam da aka kafa a 2005, mai nasa shugabanni da nasa zaman shawara. A Maraɗi kuwa iri biyun nan suna zaune a ƙauye ɗaya, suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, 'yan bindigar da suka kore su ma su ne dai.

Duniya ba da sauƙi ta koyi illar wannan rarrabuwa ba. A tsakiyar watan Yuli na 1994, mutanen Ruwanda tsakanin 500,000 da 800,000 suka kwarara cikin garin Goma na ƙasar Zayar cikin 'yan kwanaki, suka sauka a kan ƙasa mai dutsen aman wuta wadda ba ta haƙuwa, ba don masai ba, ba don kabari ba, suna shan ruwan tafkin Kibu ɗanye. Kwalara ta shiga, atini ya biyo bayanta, kafin wata guda ya cika kimanin mutum 50,000 sun riga mu gidan gaskiya. Ƙungiyoyin agaji sun zo da yawa, da jirage da tutoci, amma waɗansunsu ba su san yadda ake mayar wa mai kwalara da ruwan jikinsa ba, aka yi ta kafa wuraren jinya alhali abin da ake bukata da farko tankokin ruwa ne mai tsabta. Binciken da aka yi bayan wannan musiba shi ya haifi aikin da ake kira Sphere a 1997, wanda ya rubuta mafi ƙarancin haƙƙin wanda ake agaza wa da adadi: lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a yini, masai ɗaya ga mutum 20, abinci mai kalori 2,100. An kuma daɗe da sanya alama cewa in ana rasa fiye da mutum 1 cikin 10,000 a yini, ko yara 2 cikin 10,000 na 'yan ƙasa da shekara biyar, to al'amari ya fita daga hannu. Fa'idar waɗannan adadi ba a cikin takarda take ba. Fa'idarsu ita ce sun ba mai ruwa da mai magani da mai hatsi mizani guda da za su tsaya a gabansa, ta yadda babu wanda zai ce shi nasa ya yi kyau alhali makabarta tana faɗi.

Akwai wani misali da na fi so a riƙa tunawa da shi, domin ya fi nuna yadda ƙaramin gurbi ke zama babbar ɓarna. A 1990, 'yan gudun hijirar Mozambik da ke zaune a Malawi suna karɓar rabon garin masara da wake da gyaɗa, sai gyaɗar ta yanke na 'yan watanni. A lissafin ma'ajin abinci ba wani abu ne babba ya faru ba, ciki yana cika. Amma masara ba ta ba jiki sinadarin niyasin yadda ya kamata, gyaɗar nan ita ke toshe wannan kafa, sai ga fiye da mutum 18,000 sun kamu da cutar da likitoci ke kira felagira, mai sa fata ta yi baƙi ta tsattsage a inda rana ke duka, ta kawo zawo da ruɗewar hankali. Magani ya zo ne sa'ad da aka dawo da gyaɗa, aka kuma riƙa cakuɗa niyasin a cikin garin tun daga injin niƙa. Da mai riƙe da makullin sito da likitan da ke ganin fatar mutane suna zama wuri ɗaya kowane mako, da an gane tun cutar ba ta kai ɗari ba.

In muka komo Maraɗi, wahala ta farko ita ce ƙidaya. Duk aikin lafiyar jama'a a kan sanin yawan mutane yake tsaye: ba a sanin kwalbar allura nawa za a ɗauko, ko katan nawa na abincin tamowa, ba a ma sanin ko mace-mace sun yi yawa, sai an san cikin mutum nawa ake magana. A sansani irin na Minawawo da ke arewacin Kamaru, wanda aka buɗe a 2013 don waɗanda Boko Haram ta koro, ko Sayam a jihar Difa, ana iya bin tanti tanti a ƙirga. Amma mutanen da suka bazu a gidajen dangi, yau suna nan, gobe namiji ya saci jiki ya koma duba gonarsa, jibi an sake kai hari wasu sun ƙaru, ƙidayarsu sai da haƙuri da taimakon masu gari da limamai. Gwamnatin Nijar da HCR sun zaɓi kada a kafa sansani, aka ware ƙauyuka uku nesa da iyaka, Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau da Cadakori, aka ƙara musu rijiyoyi da azuzuwa da ɗakunan shan magani don baƙi da 'yan gari su amfana tare. Tunani ne mai kyau, kuma ina goyon bayansa. Sai dai kaso kaɗan ne suka yarda suka koma can, saura sun fi son zama kusa da gida ko da cikin hatsari, kuma duk shirin da ya tattara ƙarfinsa a ƙauyuka uku ya manta da sauran, ya yi wa marasa rinjaye hidima ke nan.

Wahala ta biyu sai an bi sawun uwa ake ganinta. A ɗauka ga wata mace da ɗanta ɗan wata goma sha huɗu, ya yi mako yana zawo. Ma'aikacin unguwa ya naɗa masa tsinken awo a damtse, wanda aka yi wa launi uku: in kaurin ya gaza milimita 115, ja ne, tamowa mai tsanani, daga 115 zuwa ƙasa da 125, rawaya, sama da haka, kore. Na yaron nan ya faɗa rawaya, sai a ce mata, “Baiwar Allah, naki ba na nan ba ne, ki je ranar rabon garin kunu.” Ranar ta zo an ce kaya ba su iso ba. Ta koma gida, bayan mako uku ta dawo da shi ya shiga ja, yanzu ya cancanta. Haƙiƙa wannan iyaka tsakanin rawaya da ja iyakar ofisoshi ce, jikin yaro bai san da ita ba, gangara ce guda yake bi. Saboda haka ne waɗansu ƙungiyoyi, irin su ALIMA, suka gwada haɗa su a shiri ɗaya da abinci iri ɗaya, a riƙa rage adadin yayin da damtse ke cika. Ga kuma katin rajista, da katin abinci, da katin rigakafi, da katin awo, kowanne da layinsa da ranarsa, alhali mace ɗaya ce za ta tsaya a dukansu, ita ce kuma mai daka da ɗiban ruwa da itace.

Shi abincin tamowar nan, Maraɗi tana da babban rabo a tarihinsa. Wani likitan Faransa, André Briend, shi da kamfanin Nutriset suka haɗa shi a 1996, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadarai, suka sa masa suna Plumpy'Nut. Leda ɗaya giram 92 ce mai kalori 500, ba a dafawa, ba a dama shi da ruwa, don haka ƙazantar ruwa ba ta samun hanya. Kafin zuwansa, duk yaro mai tamowa sai an kwantar da shi asibiti da uwarsa makonni. A yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta na-gari-na-kowa, MSF, ta yi jinyar fiye da yara 60,000 a Nijar, galibinsu a jihar Maraɗi, mafi yawa suna gida iyayensu mata na ba su, asibiti sai ga wanda ya kasa ci ko wata cuta ta haɗu masa. Bayan shekara biyu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya ga duniya duka. Amma akwai abin da ma'aikata ke kuka da shi kullum, cewa uwa tana raba ledar ga sauran 'ya'yanta, ko a ga ledar a kasuwa. Ni ban ga hujjar zargin uwar ba. Macen da ke da yara biyar, rabon hatsin gidan ya yanke ko an rage shi rabi, aka miƙa mata abinci aka ce na ɗaya ne kaɗai, saura su zuba ido, an ɗora mata abin da zuciyar uwa ba ta ɗauka. Laifin yana wurin da aka bar rabon gida ya yanke alhali shirin jinya na tafiya, kamar ba tukunya ɗaya suke ciyarwa ba.

Malaman tarihi sun ruwaito irin wannan daga zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda. Wata rana da dare yana gadin wani ayari da ya sauka a Madina, sai ya ji jariri yana ta kuka, ya je ya yi wa uwar magana har sau uku, daga bisani ta gaya masa, ba tare da ta san ko wane ne ba, cewa yaye shi take yi da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya rubuta wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba ya yi salla kuka na cin ƙarfinsa, sa'an nan ya sa aka yi shela cewa daga yau duk abin da aka haifa yana da rabonsa, kada kowa ya gaggauta yaye. Abin lura shi ne bai tsaya ga yi wa matar wa'azi ba, ƙa'idar diwaninsa ya duba, ya ga ita ce ke tura iyaye ga cutar da 'ya'yansu, ya canja ta. Duk mai tsara agaji yana bukatar irin wannan dare, ya tambayi kansa abin da sharaɗinsa ke tilasta wa uwa. Haka ma batun madarar gwangwani da masu kyakkyawar niyya kan aiko: inda ruwa ba shi da tsabta, raba ta barkatai yana janye jariri daga nono ya miƙa shi ga gudawa, shi ya sa ƙa'ida ta ce hannu ɗaya ne zai riƙe ta, ga marayu da waɗanda babu makawa.

Sai maganar lokaci. A ƙasarmu yunwa da zazzaɓin cizon sauro tare suke zuwa, daga Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, tabkuna sun cika, hanyoyin ƙauye sun yanke. Abin da ba a kai ɗakin magani ba kafin ruwa ya sauka, da wuya ya isa sa'ad da ake nemansa. A nan an sami haɗin aiki da ya kamata a yaba: tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 a riƙa ba yara daga wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓi wata wata cikin damina, Nijar ta sa masu bi gida gida da maganin su riƙa auna damtsen yaron a tafiya guda. Ƙafa ɗaya, aiki biyu, kuma ba a tambayar yaro ko ɗan wace ƙasa ne.

Wannan ya kawo mu ga masu masauki, waɗanda su ne Ansaru na wannan hijira, ko da yake ba kasafai ake rubuta sunansu a takardar kuɗi ba. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma raɓar nan ta haura shekara biyar ba ta bushe ba. Tun 2006 dokar Nijar ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, gwamnati ta biya asibiti daga baya, kuma sanannen abu ne cewa biyan yakan yi jinkiri ƙwarai, har kantar magani ta zama fayau. To ɗakin shan maganin da aka gina don ƙauyuka kaɗan, da ma'aikaci ɗaya ko biyu, in aka ninka masa jama'a, ya zama dambun da ya yi yawa, ba ya jin mai. Gina wa baƙi asibitinsu dabam, mai cike da magani, a gefen na 'yan gari da babu komai, yana shuka ƙiyayya, kuma ranar da kuɗin ƙungiya suka ƙare sai a kwashe tanti a bar fili. Ra'ayina shi ne likitan gunduma ya zama shi ne mai riƙe da zaren, kuɗin agaji su shiga ta ɗakin maganin gwamnati, a ƙara masa ma'aikata da firjin allura da motar ɗaukar mara lafiya, rahoton mako mako kuma ya zama ɗaya. Annoba ma ba ta bambanta su. Kwalarar 2018 a gundumar Madarumfa ta fara, ta hanyar zirga-zirgar da ba ta yankewa tsakaninta da Jibiya. Ciwon hanta mai sa shawara da ya ɓarke a Difa a 2017, wanda ya fi kashe mata masu ciki, ungozomomi da masu ɗakin haihuwa ne suka ga gawarwakinsa, alhali maganinsa yana hannun masu rijiya da sabulu da masai. Wayar tarho tsakanin likitan Jibiya da na Madarumfa, a ranar da aka ga mutum na farko, tana iya fin mota goma ta kayan agaji bayan mako biyu.

Dukan wannan kuwa a kan igiyar kuɗi da hanya yake rataye, igiyar kuma ta nuna rauninta. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023, da aka rufe iyakar Nijar da Binin, kayan abinci da magunguna sun yi ta jira a hanyar Kwatano. A 2025 kuma Amurka, wadda a lokacin ita ce mafi girman mai bayarwa, ta janye hannunta daga yawancin agajinta na ƙetare. Akwai masana'anta a Yamai da ke yin abincin tamowa tun 2005, gyaɗa kuwa amfanin ƙasarmu ce, amma madarar gari da sinadarai daga waje suke zuwa. Abin da nake tsoro shi ne, in kuɗi suka ragu, abin da ake fara yankewa shi ne wanda ba ya fitowa a hoto: ɗan alawus na ma'aikacin unguwa, man babur na mai kai rahoto, binciken shekara shekara da ke auna rama da ƙarancin jini, watau ainihin zaren da ke ɗinke sassan. A gundumar Mirya ta jihar Damagaram, ALIMA da ƙungiyar BEFEN ta 'yan Nijar sun koya wa iyaye mata naɗa tsinken awo da kansu, aka kuma tarar suna gane tamowa daidai da ma'aikata, suna ma kawo yaran da wuri, tun ba su kai ga kwanciya ba; yanzu wannan hanya ta bazu cikin ƙasar da maƙwabtanta. Matar Sabon Birni da ke zaune a wani zaure a ƙasar Gidan Rumji tana iya koyon launi ukun nan cikin rabin sa'a, ta rataye tsinken a jikin danga, ta duba ɗanta duk Juma'a. Saura kuma, ranar da ta ga ja ta goya shi ta taka cikin taɓon Agusta, ta tarar da ɗakin magani a buɗe, da ma'aikaci a ciki, da katan a kan kanta, da kuma buhun gero da ya riga ta isa gida don sauran 'ya'yanta.